Daga Tudu zuwa Mile 2: iyaka uku, kuɗi iri uku, jaka ɗaya a baya

Tsakanin Accra da Legas, ko Ankara da Ikko kamar yadda tsofaffinmu na Zango suke faɗi, tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba. Tamale ma ta fi nisa. Amma mai zuwa Tamale yana iya yin barcinsa tun daga Kumasi, shi kuwa mai zuwa Legas sai ya taka ƙasa huɗu, ya tsallake iyaka uku, ya riƙe kuɗi iri uku: sidi, sefa da naira.

Hanya biyu ce. Ko dai ka sayi tikitin manyan bas irin su ABC Transport, ka zauna cikin sanyi, a karɓi fasfon kowa a je a bugo hatimi, ko kuma ka yanka tafiyar gunduwa-gunduwa a ƙananan motoci. A dogon hutun makaranta na bara ina da ziyarar dangi a Agege, kuma duk wanda ya san albashin malamin makaranta ya san wadda na zaɓa.

Kafin in tashi daga Maamobi sai da na je wajen kawuna. Shekara da shekaru yana sayar da albasa a Agbogbloshie, har zuwa Yulin 2021 da hukuma ta tashi kasuwar ta mai da su Adjen Kotoku. 'Yan albasa sun san hanya, don kayansu daga Galmi da wasu garuruwan Nijar yake zuwa, kullum suna cikin lissafin direba da iyaka. Ya ce mini, "Malam, abu ɗaya zan gaya maka. Kada ka shiga motar da za ta tsallaka da kai. In ka zo iyaka ka sauka, ka tsallaka da ƙafarka, ka nemi wata a can." Na ce, "Kawu, ai wahala ke nan." Ya ce motar da ke tsallake iyaka tana da nata takardu da nata sallama, kuma duk a wuyan fasinja direba yake ɗora su. Mai ƙafa kansa kaɗai yake biya wa.

Bayan sallar asuba na kama trotro a tashar Tudu. Mota ba ta da lokacin tashi sai ta cika, shi ya sa sammako yake da riba. Muka bi ta Tema, muka haye gadar kogin Volta a Sogakope, muka wuce Akatsi da Denu, kafin azahar muna Aflao. Nan babu wani daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Kana fita daga ƙofar Gana ka shiga tsakiyar Lome, teku na hannun damanka, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓarsu, sun yi maka caa.

Wajen canjin kuɗi ne baƙo ya fi yin asara, kuma a nan Hausa ta yi mini rana. Da yawa cikin 'yan canjin Hausawa ne ko masu jin Hausa, sai dai lissafinsu na mutanen Nijar ne. Dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuwa sefa 1,000. In mutum ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi. A Nijeriya kuma in tsoho ya ce jaka, naira 200 ke nan. Kalma ɗaya, kuɗi daban. Na canza abin da zai kai ni iyakar Nijeriya kawai, tunda Togo da Benin sefa ɗaya suke ci, na roƙi a ba ni ƙananan takardu. Direba in ya ga takardar 10,000 a hannunka, canji ya zama tarihi.

Gaɓar tekun Togo gajeriya ce, kilomita hamsin da 'yan kai. Tasi ta haɗin gwiwa, biyu a gaba huɗu a baya, ta bi da mu ta Aneho zuwa Hillacondji, iyakar Benin. A nan agogo yake ƙara awa ɗaya, don Benin da Nijeriya suna gaban Gana da Togo. 

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A aji ina koya wa yara cewa an kafa ECOWAS a Legas a 1975, kuma a 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Suna rubutawa a jarrabawa, ina ba su maki. A kan hanya kuwa babu wanda ya tambaye ni biza, gaskiya ne, amma an tambaye ni abubuwa da yawa da babu su a littafi. A wani tebur aka juya fasfona aka ce sabo ne, bai taɓa fita ba, don haka yana da kuɗinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rasit." Aka ajiye fasfon gefe, aka kira na bayana. Na fi rabin awa a tsaye kafin a miƙo mini shi ba tare da an dube ni ba. Wata hajiya mai kayan atamfa ta ce, "Malam, kai kana da lokaci. Mu kasuwa ke jiranmu." Ba ta yi ƙarya ba. Mai tafiyar talaka da lokacinsa yake biyan abin da bai biya da kuɗi ba, kuma ba kowa ke da rabin awar ba.

Abin da ba a ciniki a kansa shi ne katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Wanda ba ya da shi ya ba da ƙofa da kansa. Katin ɗan ƙasa na Gana yana ɗauke da sunan ECOWAS a jikinsa, amma ni dai na ga masu fasfo sun fi wucewa da sauri.

Ɗan Zango yana da ƙarin tambaya guda da sauran fasinja ba sa sha. A shingayen hanya ta ɓangarenmu, da an ga sunanka sai a ce daga ina kake, a sake cewa daga ina ainihi. A can gaba kuma, da na yi Hausa da wani jami'i sai ya dubi fasfon ya ce yaya Bahaushe yake yawo da takardar Gana. Tambayar tsohuwa ce. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, kuma gidajen Zango da dama sun rabu a lokacin. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori nata baƙin, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka biyo wannan hanyar zuwa gida, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da ake kiranta da shi yau. Alhali tun kafin a ja waɗannan layuka fatake ke kai goron Gwanja Kano ta Salaga, kuma Alhassan Dantata da kansa ya yi safarar goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko a jirgin ruwa.

Wannan tsohuwar hanya ce ta rage mini kuɗin kwana. Na isa Kwatano da dare, kuma kowa ya gargaɗe ni kada in bi hanyar Badagry cikin duhu. Na ce wa ɗan zemijan ya kai ni Zango. Bayan isha'i na gaisa da mutane a ƙofar masallaci, na ambaci garin da na fito da sana'ar kawuna. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, baƙo ba ya kwana a titi," ya haɗa ni da wani yaro ya kai ni ɗakin da 'yan kasuwa ke sauka. Tabarma ce da fanka, sai bokitin wanka. Lome ma tana da Zangonta, sai dai tun 1977 aka tashe shi daga tsakiyar gari aka mai da shi can arewa da birnin, irin abin da ya samu 'yan albasarmu. Mai son kwana a can ya sa kuɗin zemijan cikin lissafi.

Da safe na kama motar Seme. Tun 2018 Benin da Nijeriya suka haɗa ofisoshinsu na iyaka a harabar gini ɗaya, abin ya fi tsari yanzu. Wahalar tana bayan ƙofa. Daga Seme zuwa Badagry na fara ƙirga shingaye, na gaji na bari. Kowane tsayi sai an leƙo, wani lokaci a sauke mai kaya. A nan na gode wa Allah da jakata guda ɗaya ce, ta goyo, ba ta shiga but ba balle a ce a buɗe. Kaya kala uku ne a ciki, da sallaya, da cajar waya, da garin rogo da ƙuli-ƙuli na ko-ta-kwana. Kuɗin kuma kashi uku na raba su, kowane a aljihunsa.

Da na haɗa lissafi, abin da na kashe daga Tudu zuwa Legas, har da abinci da ɗan abin da na ba yaron masauki, bai kai kuɗin tikitin babbar bas ba, da rata mai kyau. Sai dai na ci kwana biyu a hanyar da bas ke yi a yini guda. Mai iyali da yara ko tsoho, ni ba zan ba shi shawarar ya bi ta haka ba.

Kafin Mile 2 na sauka a Alaba Rago in ci abinci. Tsabar sefa da ta rage mini babu ɗan canjin da ya yarda ya karɓa, takarda kawai suke so. Na zauna wajen wani mai shayi Basakkwace, ban gama gaisuwa ba ya ce, "Malam, wannan Hausar ta Gana ce." Na ce ta Maamobi ce. Ya ƙara mini madara, ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun albasa a Ankara yanzu.