Daga gungume zuwa katako: yadda madobiyar Taraba ke barin ƙasa ba tare da an sarrafa ta ba

A dazukan Bali, Gassol da Gashaka a Jihar Taraba, masu saran itace suna kiranta "madrid", 'yan kasuwa kuma suna ce mata kosso. Bahaushe ya san ta da madobiya, bishiyar da makiyaya ke sassabe ganyenta domin shanu idan ciyawa ta ƙare da rani. A ƙasar Sin, tana cikin itatuwan da ake kira hongmu, waɗanda ake ƙera kujeru da gadaje masu tsada da su irin na zamanin daulolin Ming da Qing.

Abin da mai saye ke nema shi ne tsakiyar gungumen, wadda ke da nauyi da launin ja-ja, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Farin ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawo ba shi da daraja a wurinsa. Saboda haka, da zarar an kayar da bishiya, sai mai injin zarto ya datsa ta gunduwa-gunduwa, ya fere gefe huɗu har ta zama dunƙule mai kusurwa huɗu, a bar sauran a daji. Wannan ferewa tana sauƙaƙa jera itacen a kwantena, kuma tana ba mai fitarwa damar cewa kayansa sarrafaffe ne, ba ɗanyen gungume ba.

Ainihin aikin yana gaba. Zarton hannu mai sarƙa yana cin kusan santimita ɗaya na itace a kowane yanka, yayin da siririn zarton masana'anta ke cin milimita 2 zuwa 3 kawai. A babban gungume, wannan bambanci kaɗai na iya zama katako guda ko biyu da suka koma dusa. Bayan yanka sai busarwa: ana jera katakon a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakaninsu domin iska ta ratsa, a shafe bakunansu da fenti ko kakin zuma don kada su tsage. Katako mai kauri yakan ɗauki watanni kafin kafinta ya taɓa shi, kuma wanda ya yi gaggawa zai ga teburinsa ya lanƙwashe. A waɗannan matakai ne ribar take, kuma kusan dukansu a masana'antun Sin ake yin su. Rabon Taraba bai wuce ladan sara da dako da kuɗin shingen hanya ba.

Daga Janairun 2017 madobiya ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wanda ke nufin ba a fitar da ita sai da takardar da ke tabbatar da cewa an sare ta bisa doka, kuma saran ba zai cutar da jinsinta ba. A Nuwamban shekarar, ƙungiyar bincike ta EIA ta yi zargin cewa an halatta gungume kusan miliyan 1.4 da aka tsare a tashoshin ruwan Sin ta hanyar takardu kimanin 4,000 da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar Najeriya. Amina Mohammed, wadda ita ce ministar muhalli lokacin da aka sa hannun, ta musanta aikata ba daidai ba.

A ƙarshen 2018, CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, a 2022 kuma ta faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen da bishiyar ke fitowa. Sai dai a tsarin Najeriya, gandun daji yana hannun jihohi, izinin fitarwa kuma yana hannun Abuja, don haka dakatarwar ta shafi fitarwa zuwa ƙasashen waje ne kawai. Izinin sara yana nan a hannun gwamnatin jiha.