Ikkilisiya da Gwamnati: Ya Kamata Ƙasa Ta Yi Addinin Hukuma?

A duk lokacin da aka tsananta wa masu bi, mukan ji wasu 'yan'uwa suna cewa, da ma gwamnati za ta ɗauki Kiristanci ya zama addinin hukuma, da mun huta. Wannan buri yana da daɗin ji, amma dole mu auna shi da Littafi Mai Tsarki da tarihin Ikkilisiya kafin mu hau bagade da shi.

Ma'anar batun

Addinin hukuma shi ne wanda doka ta ɗaukaka bisa sauran addinai, tana ba shi kuɗi da gata, wani lokaci har da ikon hukunta masu saɓa masa. Raba addini da gwamnati kuwa yana nufin gwamnati ba ta da ikon tsara wa kowa bangaskiya, majami'a ko masallaci kuma ba su riƙe da takobin shari'a. Wannan bai hana mai bi shiga siyasa ba, bai kuma rufe bakin fasto a kan zalunci ba.

Sashe na 10 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya da ta kowace jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin canza shi. A kan waɗannan sassa biyu ikkilisiyoyi suka tsaya sa'ad da Zamfara ta faɗaɗa shari'ar Musulunci a 1999 da 2000, wasu jihohin Arewa suka bi sawunta.

Abin da Littafi yake koya mana

A Matiyu 22:21 Ubangiji Yesu ya nuna cewa Kaisar yana da hakkinsa, Allah kuma yana da nasa. Romawa 13 ta kira mai mulki bawan Allah, aikinsa shi ne hukunta mugunta da kiyaye zaman lafiya. Amma a Ayyukan Manzanni 5:29, da majalisa ta hana su wa'azi, manzanni suka zaɓi biyayya ga Allah. Wato ikon hukuma yana da iyaka, lamirin mutum kuwa yana bayan wannan iyakar.

Mu duba Amos 7:10-13. Amaziya firist ne na Betel, haikalin sarki. Da Amos ya yi annabci gāba da Yerobowam, firist ɗin ne da kansa ya kai ƙararsa, ya kuma kore shi. Bakin da ya ci shi ke godiya. Firist da ke cin abincin fada da wuya ya tsawata wa fada.

Abin da tarihi ya nuna

A shekara ta 313 Sarki Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin sujada a daular Roma. A 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin daula. Bayan shekara biyar kawai, a 385, hukuma ta kashe wani bishof mai suna Firisiliyan a birnin Trier, bayan wasu bishof-bishof sun zarge shi da koyarwar ƙarya. Ikkilisiyar da aka tsananta wa ta fara tsananta wa 'ya'yanta.

Gyaran Ikkilisiya ma bai kawar da wannan ba. A 1527 hukumar birnin Zurich, wadda ta karɓi koyarwar Zwingli, ta nutsar da Felix Manz a kogi saboda ya ƙi baftismar jarirai. Shi ya sa a 1612 Thomas Helwys, ɗaya daga cikin Baftis na farko a Ingila, ya rubuta wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko a kan ran mutum, ko mutumin Kirista ne, ko Bayahude, ko Musulmi. Aka jefa shi kurkuku, can kuma ya mutu.

A nahiyarmu, Shugaba Frederick Chiluba ya shelanta a Disamba 1991 cewa Zambiya ƙasar Kirista ce, aka shigar da maganar a gabatarwar tsarin mulki a 1996. Duk da haka bayan ya sauka sai da aka gurfanar da jami'an gwamnatinsa a kotu a kan cin hanci. Shela ba ta sāke zuciya.

Abin da ya shafe mu

Tambaya ta farko ga mai neman addinin hukuma ita ce, wane Kiristanci? Na Katolika, ko na Angilikan, ko na ECWA, ko na Baftis? Duk wanda gwamnati ta zaɓa, sauran sun zama baƙi a ƙasarsu.

Na biyu, gaskiya ɗaya ce. In muna kuka cewa an hana mu filin gina majami'a inda mu ne marasa rinjaye, ba mu da bakin hana maƙwabcinmu Musulmi filin masallaci inda muka fi yawa. Sashe na 10 da yake kāre mu a wata jiha, shi ne yake kāre shi a tamu.

Na uku, mu lura da ƙananan kyautai. Kujerar zuwa Urushalima da kuɗin gwamnati, motar da gwamna ya ba shugaban ikkilisiya, ambulan bayan addu'a a gidan gwamnati, dukansu suna da farashi. Ranar da ya kamata mu yi magana kamar Natan a gaban Dawuda, za mu tarar harshenmu ya yi nauyi.

Abin da muke roƙo daga hukuma shi ne adalci ga kowa da 'yancin yin wa'azi. Jawo mutane ga Almasihu aikin Ruhu Mai Tsarki ne ta wurin bishara, dokar majalisa ba za ta iya yinsa ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin mai bi ya shiga siyasa da ikkilisiya ta zama reshen gwamnati?
2. In ɗan takara ya kawo gudummawar ginin majami'a ana gab da zaɓe, me za ka shawarci dattawanka?
3. Ta yaya za mu tsaya wa 'yancin waɗanda ba masu bi ba a garin da muke da rinjaye?