Mata Masu Sana'ar Alƙalami

A Musawa, kamar sauran garuruwan yankin Funtuwa, idan ana lissafa sana'o'in mata sai ka ji ƙuli-ƙuli, daddawa, kitso da ɗinki. Ba kasafai ake ambaton rubutun littafi ba, alhali daga wannan yanki aka samu ɗaya daga cikin gwanayen sana'ar, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki. Allura Cikin Ruwa da ta fitar a 1994, da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, sun shiga ɗakunan matan aure har ƙauyukan da jarida ba ta zuwa.

A wancan zamani jarin marubuciya biro ne da littafin makaranta. Sai an gama tuwon dare, yara sun yi barci, sannan ta jawo fitila. In rubutu ya kammala a kai wa mai buga keken rubutu, daga nan maɗaba'a, sannan dillalan kasuwar Sabon Gari ta Kano su rarraba. Kashi-kashi ake fitarwa, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma gwaninta ita ce sanin inda za a datse labari, daidai lokacin da takardar saki ta iso hannun amarya, yadda mai karatu ba za ta samu sukuni ba sai ta nemo na gaba. Kwafi ɗaya kan zaga gidaje a hannun masu ba da haya, har bango ya yage a ɗinke shi da zare da allura.

Ana kiran su littattafan soyayya, amma ni a ganina ƙashin bayansu shi ne macen da ta faɗi ta tashi. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana 'yar shekara 13, auren kuma bai daɗe ba. Da ta kama alƙalami, abin da ta sani ta rubuta. A cikin Alhaki Kwikwiyo Ne na 1990, miji ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar amarya, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. A Wa Zai Auri Jahila? yarinyar da aka yi wa auren dole ce ta koma neman ilimi. Bazawarar da ke zaune a ɗakin uwarta ta san darajar irin wannan labari fiye da kowane mai sharhi.

An zargi littattafan nan da ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu a Kano a 2007. Akwai na banza a ciki, wannan gaskiya ne. Sai dai mata da yawa da karatun bokonsu ya tsaya a firamare da waɗannan littattafai suka riƙe karatun Hausa bai kuɓuce musu ba.

Yau 'ya'yan waɗancan masu karatu su ne marubutan. Da babban yatsa suke rubutu a waya, su saki shafukan kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya ɗauki zafi sai a biya kafin a shiga zauren masu karanta ci gaba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata zalla ta ƙara musu kima, kuma wadda ta fara lashe ta, Aisha Muhammad Sabitu, 'yar jihar Katsina ce.

Babban ciwon sana'ar yanzu sata ce. Mace ɗaya ta biya, kafin gari ya waye littafin ya watsu a zauruka, wasu ma su karanta shi a YouTube su ci kuɗi ba da izinin mai shi ba. 'Yar'uwa, idan aka turo miki littafin kuɗi a kyauta, ki nemi marubuciyar ki biya ta haƙƙinta kafin ki buɗe.