Sikila: Yadda masana ke ƙoƙarin gyara furotin ɗin da ke lanƙwasa jini

Idan damina ta kankama a Accra, ko iskar hunturu ta sauko daga arewa a watan Disamba, akwai gidaje a Nima da Maamobi da ba a runtsawa a cikinsu. Yaro na kuka da ciwon ƙashi, an shafa man zafi, an lulluɓe shi, daga ƙarshe a nemi tasi zuwa asibitin Maamobi ko Korle Bu. Iyayenmu suna kiran wannan ciwo amosanin jini, yau an fi cewa sikila, masu jin Faransanci kuma a Yamai da Maraɗi da Lome suna cewa drépanocytose.

Maƙwabtanmu ma sun daɗe da saninsa. Mutanen Ga suna cewa chwechweechwe, masu yaren Twi suna cewa ahotutuo. Likitan Ghana Felix Konotey-Ahulu, wanda ya yi shekaru yana duba masu ciwon a Korle Bu, ya bibiyi tarihinsa a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. A yau kusan jarirai 2 cikin kowane 100 da ake haifa a Ghana suna zuwa da shi, wato kimanin 15,000 a shekara. A Najeriya ana ƙiyasta 150,000.

Duk wannan wahala ta taso ne daga canji guda ɗaya tak a jikin wani furotin.

Ƙwayar carbi ta shida

Idan aka ce furotin, yawancinmu nama da ƙwai da wake ke zuwa mana a rai. A wajen masana, furotin su ne ƙananan ma'aikatan jiki: wani yana narkar da abinci, wani yana yaƙar cuta, wani yana dakon iska. Kowanne an jera shi kamar carbi, daga ƙwayoyi iri 20 da ake kira amino asid. Yadda aka jera ƙwayoyin shi ke sa zaren ya naɗe ta wata siga, sigar kuma ita ke ba shi aikinsa.

Himogulobin shi ne furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki. Zare huɗu ne a haɗe: alfa biyu masu ƙwaya 141, da beta biyu masu ƙwaya 146. A zaren beta na yawancin mutane, ƙwaya ta shida ita ce gulutamik asid, wadda ke zaman lafiya da ruwa. A mai sikila kuwa, balin ce ta maye gurbinta, ita kuma ba ta shiri da ruwa, kamar man gyaɗa.

Da zarar himogulobin ya sauke oksijin, wannan balin sai ta nemi wurin ɓuya, ta cusa kanta cikin wani ɗan rami da ke jikin himogulobin na kusa da ita. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri. Ƙwayar jinin da ya kamata ta kasance mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Nan ne ciwon yake. Kuma maimakon ta rayu kwana 120, sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ba ya isa. Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka ne suka nuna a 1949 cewa matsalar na jikin himogulobin, sannan Vernon Ingram a Cambridge ta Ingila ya gano ainihin wurin a tsakanin 1956 da 1957.

Akwai wani abin da ya shafi mutanen Zango kai tsaye. A wannan gurbi na shida, wasu suna ɗauke da wata ƙwaya dabam, laisin, wadda ke ba da himogulobin C. Babu inda C ya yi yawa a duniya kamar arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma kowa ya san yawan mazauna Nima da Maamobi da asalinsu daga can yake, ga auratayya tsakanin Hausawa da Mosi da Dagomba da Zabarmawa. Ɗan da ya gaji S daga uwa da C daga uba, wato SC, shi ma mai sikila ne. Sau da yawa nasa ya fi na SS sauƙi, amma yakan taɓa ido da ƙashin ƙugu, kuma yakan tsananta lokacin juna biyu.

Yadda ake wa furotin dabara

Tunda an san wurin da kuskuren yake, masu haɗa ilimin sinadarai da na halittu sun bi ta hanyoyi dabam-dabam.

Wasu suka ce a ƙera ɗan ƙaramin sinadari da zai manne wa himogulobin ya sa shi riƙe oksijin da ƙarfi, tunda sandunan ba sa haɗuwa sai ya saki iskar. Haka aka samu maganin Oxbryta, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamba 2019. A gwajin jini ya yi abin da aka ƙera shi ya yi: ƙwayoyin jini sun rage fashewa, yawan himogulobin ya ƙaru. Kamfanin Pfizer ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro shi a 2022 a kan dala biliyan 5.4. Amma a Satumba 2024 Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya baki ɗaya, bayan bayanai sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace a tsakanin masu shansa, ciki har da yara a gwaje-gwajen da aka yi a Afirka. Lambar da ke kan takardar gwaji ta gyaru, mara lafiya bai tsira ba. Wani maganin, Adakveo, wanda furotin ne da aka ƙera don hana ƙwayoyin jini mannewa a bangon jijiya, Tarayyar Turai ta soke lasisinsa a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna amfaninsa.

Wasu kuma suka ce a sake ƙirar furotin ɗin kansa. A nan Accra tana da nata tarihin. A 1968 Konotey-Ahulu da abokan aikinsa sun bayyana wani nau'in himogulobin da suka raɗa wa suna Korle Bu, wanda canjinsa ke a ƙwaya ta 73 ta zaren beta. Daga baya bincike ya nuna cewa wannan canji yana raunana haɗuwar sandunan. Wato ba dole sai an taɓa ƙwaya ta shida ba, ana iya ɓata wurin da take kamawa. Irin wannan tunani ne ke cikin maganin Lyfgenia: ana saka wa ƙwayoyin ɓargon mara lafiya umarnin yin wani sabon zaren beta da aka canza masa ƙwaya ta 87, kusa da ramin nan, don ya riƙa shiga tsakani yana katse sandunan.

Hanyar da ta fi jan hankali ta fito ne daga jarirai. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura cewa jinin jariran da aka haifa da sikila ba ya lanƙwashewa sosai a watannin farko. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa himogulobin, mai suna F, wanda ba ya shiga cikin sandunan. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin sa sannu a hankali, shi ya sa ciwon kan fara bayyana wajen wata shida, galibi da kumburin hannu da ƙafa. Maganin Casgevy yana amfani da almakashin ƙwayoyin halitta na CRISPR ya lalata makunnin da ke kashe F, sai jiki ya koma yin sa. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma ta amince da shi tare da Lyfgenia ranar 8 ga Disamba 2023.

Farashin Casgevy dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, na Lyfgenia miliyan 3.1. Ko da kuɗin ya samu, sai an ciro ƙwayoyin ɓargo, an kai su ɗakin gwaji na musamman, an kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na kansa wanda zai iya hana haihuwa, sannan a kwanta asibiti makonni. Ga mai sayar da koko a Nima, wannan labari ne na rediyo.

Abin da hannu zai iya kaiwa

Abin mamaki, akwai tsohon magani mai araha da ke bin wannan hanya ta F. Sunansa a kan kwali Hydroxyurea. An fara haɗa shi a Jamus a 1869, an daɗe ana ba masu kansar jini, kafin Amurka ta amince da shi ga masu sikila a 1998. Ƙwaya ce da ake sha kullum. Ba ya warkarwa, amma yana ɗaga yawan F, ya rage tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini.

An daɗe ana tsoron cewa a ƙasashen da sauro ya yi yawa zai raunana yara. Wani bincike a kan yara kusan 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, wanda aka wallafa a farkon 2019, ya nuna akasin haka: ciwo da mace-mace sun ragu, zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu da kusan rabi. A Kano kuma, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu sun nuna cewa idan aka duba gudun jini a jijiyoyin kan yaro da na'ura aka ga yana cikin haɗari, wannan magani yana rage shanyewar ɓarin jiki ba tare da ƙarin jini kowane wata ba. A Nuwamba 2019 gwamnatin Ghana da kamfanin Novartis suka ƙaddamar da shirin samar da shi, daga baya aka saka shi cikin inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS. A ganina, wannan ya fi duk labaran miliyoyin daloli muhimmanci ga iyalan Zango. Sai dai ba maganin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne: likita ne ke auna shi da nauyin jiki, ana duba jini a kai a kai, kuma mai shirin ɗaukar ciki sai ta fara shawara da likita.

Duk wannan bai yiwuwa sai an san yaro na da ciwon. Marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ne ya fara gwajin jarirai a Kumasi a 1995, da ɗigon jini daga diddige. Jaririn da aka gano da wuri ana fara ba shi fenisilin tun yana wata biyu ko uku har ya kai shekara biyar, tare da allurar rigakafi da gidan sauro, domin ƙwayoyin cuta ne suka fi kashe su a wannan shekaru.

Game da aure, jihar Kano ta mayar da gwajin jini kafin ɗaurin aure doka a 2024. Ga masu zuwa gwaji a Accra ko wani wuri, akwai tarko ɗaya. Gwajin nan mai araha da ake cewa na sikilin yana gano S ne kawai, ba ya ganin C. Mai AC zai fito da takarda cewa ba shi da komai, ya auri mai AS, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SC. Gwajin da ya kamata a nema shi ne wanda ke rarrabe nau'o'in himogulobin, ilektiroforesis, wanda sakamakonsa ke fitowa da haruffa biyu a rubuce: AA, AS, AC, SS, SC ko CC.