Ƙiba da Hawan Jini

A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, in mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu hutu. Amma ku sani, ƙiba ba ita ce lafiya ba. Sau da yawa ita ce ke jawo hawan jini.

Ga yadda abin yake. Kun san injin ban ruwa na masu noman rani. In gona kaɗan ce, injin ba ya wahala. In aka ƙara masa gonaki, sai ya yi ta tura ruwa da ƙarfi har ya lalace. To, zuciya ita ce injin jiki. Mai ƙiba yana da jini da yawa, da jiki mai yawa da za a kai wa jinin. Saboda haka zuciya takan tura jini da ƙarfi, yana bugun jijiyoyi dare da rana. Wannan shi ne hawan jini.

Ciwon nan ba ya sallama. Mutum yana yawo garau, sai ran nan ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kuma ɓata ƙoda da ido.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka auna tsawonka da igiya, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka daidai cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Sa'an nan ka je asibiti a auna jininka. Awon lafiya kamar 120 bisa 80 ne. In yana kai 140 bisa 90 kullum, ya hau. Siriri ma ya je, don shi ma yana kamuwa.

Me za a yi? A rage mai da sukari da lemon kwalba. A ƙara zogale da rama da wake. Gishirin yini kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya. In tafiya ba nisa, a bar babur a taka da ƙafa. Likitoci sun gano duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, awon jininsa yakan sauka da kamar lamba ɗaya. Wanda aka ba magani kuwa, kada ya daina sha don ya ji sauƙi.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya sa zuciyar mai ƙiba take wahala?
2. Yaya ake gwajin igiya?