Gansakukar Gazawa Na Jiran Masu Rubuta Ta

Daga ƙarshen watan Agusta, idan ruwa ya fara ja da baya a tafkuna da kududdufan ƙasar Gazawa da Agye da Gidan Rumji, ɗanyar laka takan fito da wani koren abu manne da ƙasa, faɗinsa bai wuce na dala ba, yana rabuwa rassa bibbiyu. Manomi ya taka ya wuce, makiyayi ma haka. Alhali cikakken tsiro ne, daga dangin da masana ke kira Riccia, kuma cikin ƴan makonni yake gama rayuwarsa, ya ruɓe, ya bar ƙwayoyinsa cikin ƙasa suna jiran wata damina.

Ba gansakukar da ke yawo a kan ruwa ake nufi ba. Waɗannan a kan tudu suke zaune: gindin rijiya, gefen katangar da rana ba ta cika dukanta ba, jikin suri, ramin da aka haƙi ƙasar tubali. Wasu suna da ƙananan ganyaye da ɗan kara, wasu kuma shimfiɗe suke kawai. A duniya akwai irinsu wajen 20,000. Ba su da saiwa ta gaskiya, sai ƴan zarurruka da suke riƙe ƙasa da su. Ba sa fure, ba sa ƴaƴa. Da jikinsu suke shan ruwa, kuma ba sa samar da ƙwayoyin iri sai an sami danshin da ƙwayar namiji za ta yi iyo a ciki ta isa ga ta mace. Shi ya sa a ƙasarmu, inda ruwan shekara ke kaiwa milimita 400 zuwa 600 cikin wata huɗu, lokacinsu ɗan kaɗan ne. Da yawansu kuwa suna da wata baiwa da gero ba shi da ita: su bushe ƙamas wata da watanni, ranar da aka yi yayyafi su sake yin kore.

A Birtaniya akwai mutanen da suka mayar da neman waɗannan tsirrai al'ada. Tun 1896 suka kafa ƙungiyar musayar gansakuka, wadda a 1923 ta zama British Bryological Society. Mafi yawan membobinta ba wannan ce sana'arsu ba. Yankuna da dama suna da rukuninsu. Su sa rana, su haɗu da ɗan madubin ƙara girma rataye a wuya, su bi daji ko maƙabarta ko bakin rafi, ɗaya yana kiran suna ɗaya yana rubutawa. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kilomita 10 tsawo da faɗi, kuma kowane rubutu yana ɗauke da sunan tsiro, wuri, rana da wanda ya gani. Daga tarin waɗannan takardu aka buga babban kundin taswira a 2014, mai ɗauke da iri fiye da 1,000. Da shi aka ga abin da ido ɗaya ba zai gani ba: ire-iren da hayaƙin kwal ya kora daga jikin itatuwa sun dawo bayan iska ta yi tsabta.

Wani zai ce wannan aikin masu ƙoshi ne. Ban yarda ba, kuma hujjata tana nan Agye. Tun da Tony Rinaudo na mishan SIM ya fara jan hankalin manoman Maradi a 1983 cewa su bar kututtukan gona su tofo, su zaɓi reshe biyu ko uku su gyara, wannan sassaben zamani ya bazu har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, kwamitin gari, da mata da Fulani makiyaya a ciki, shi ke zagaya gonaki yana duba gawo da kalgo da sabara, yana lura da inda aka yi saran ɓarna. Mutanen da suka san fita tare su duba abin da ke tsaye a gona ba sabon abu za a koya musu ba. Sunkuyawa kawai ta rage.

Me ya sa za su sunkuya? Saboda fatar ƙasa. A saurukan da aka bari suka huta, akan ga wani baƙin ɓawo a saman rairayi. Rayayye ne: ƙananan halittu masu zare ne suka saƙa shi, wani lokaci da gansakuka a tsakani. Masanin Nijar Oumarou Malam Issa da abokan aikinsa sun yi nazarinsa a wajen Banizumbu, gabas da Yamai, suka fara wallafa sakamakon a 1999. Ɓawon yana ɗaure ƙwayoyin rairayi don kada iska da ruwa su kwashe su, wasu halittun cikinsa kuma suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su bar wa ƙasa. Kofato da hauya suna farfasa shi, kuma ba da wuri yake komawa ba. Yau da saura ta yi wuya a Gazawa, burtali ya ƙuntata, garmani ya cinye wuraren kiwo, inda wannan ɓawo ya rage da inda ya ɓace labari ne game da lafiyar ƙasar. Wanda bai rubuta bana ba, ba shi da abin gwadawa bayan shekara 20.

Littafin da masana ke dogaro da shi kan masu shimfiɗar nan a Afirka ta Yamma, na Eustace Jones da ya fito a 2004, ya fi ƙarfi kan dazuzzukan kudu masu ruwa. Ƙasashen Sahel an ɗan taɓa su ne kawai. Ke nan abin da ɗalibin Gazawa zai ɗauko a bakin tafki yana da daraja a wurin masana.

Kayan aikin ba su da tsada. Madubin hannu mai ƙara girma sau 10, wuƙa, littafi da biro, da wayar da ke nuna wuri. A yanki ɗan kaɗan tare da ƙasarsa, a bar sauran. A sa a ambulan ta takarda, domin leda ruɓar da shi take yi, a rubuta rana, sunan wurin, da abin da aka same shi a kai, a shanya a inuwa. Gano sunan kowane iri sai da madubin ɗakin bincike, kuma nan ne Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna za su iya shigowa. Wuraren farawa sanannu ne: fadamun Gulbin Kaba, gaɓar Gulbin Maradi ta wajen Tibiri da Gidan Rumji, da dazuzzukan Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado.

Ana hutun makaranta a daidai lokacin da waɗannan tsirrai ke kore. Malaman kimiyya na Gazawa da Agye da Gidan Rumji, ku haɗa ɗalibai goma da dattijo ɗaya daga kwamitin gari, ku zaɓi tafki guda, ku fara a wannan damina.