Cinikin Hayaƙi: Ina Rabon Manomin Aliero?

Garin Aliero da ke Jihar Kebbi ya yi suna a duk faɗin Nijeriya wajen noman albasa, amma ba shi da manyan masaƙu ko masana'antun siminti masu turnuƙe sama da hayaƙi. Duk da haka, wani sabon ciniki da ya kunno kai a duniya, watau cinikin takardun iznin fitar da iskar kabon, yana iya shafar aljihun manomin Aliero, da na Jega, da na Maiyama.

Iskar kabon ita ce ke fita idan an ƙona man fetur, ko gawayi, ko itace, kuma taruwarta a sararin samaniya ce babban dalilin ɗumamar duniya. Mutanen Kebbi sun san zafin sauyin yanayi, domin ambaliyar shekarar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, har da na yankin Jega.

Yadda cinikin yake

Gwamnati ce ke ƙayyade iyakar hayaƙin da masana'antu za su fitar cikin shekara, sa'an nan ta raba wannan adadi zuwa takardun izni, ko wace takarda tana daidai da tan 1. Kamfanin da ya rage hayaƙinsa sai ya sayar da rarar takardunsa, wanda kuwa ya zarce kasonsa tilas ya saya. A kan rage yawan takardun a hankali domin su yi tsada, ta yadda ɓata iska zai zama hasara.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rabon farko. Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, a ba ko wane kamfani kyauta gwargwadon hayaƙin da ya saba fitarwa, wanda ke nufin wanda ya fi ɓarna shi ke samun kaso mafi tsoka. Ta biyu, a auna kowa da ma'aunin masana'antun da suka fi tsabtar aiki. Ta uku, a yi gwanjo, kuɗin su shiga baitulmali.

Tarayyar Turai, wadda ta buɗe kasuwarta a 2005, ta fara da hanya ta farko. Takardun suka yi yawa fiye da bukata, kafin ƙarshen 2007 farashinsu ya faɗi har ya kusa zama banza. Daga 2013 aka tilasta wa mafi yawan kamfanonin lantarki saye ta hanyar gwanjo. Ƙasar Sin ta buɗe tata kasuwar a 2021.

Matsayin Nijeriya

A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, bayan ya yi alkawari a taron Glasgow cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa kafin 2060. Dokar ta kafa Majalisar Ƙasa ta Sauyin Yanayi, ta kuma ɗora mata aikin tsara harajin kabon da cinikin hayaƙi tare da sauran hukumomi.

Manomi ba ya cikin waɗanda a kan raba wa takardun izni. Ƙofarsa daban ce: idan wani shiri ya rage hayaƙi a ƙauye, masu bincike suka tabbatar, a kan ba da takardar shaida wadda kamfanonin waje ke saye. An taɓa yin haka a Arewa da murhun Save80 mai rage cin itace, a ƙarƙashin yarjejeniyar Kyoto ta 1997.

Dama irin wannan tana nan a ƙasar Aliero. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, injin ban ruwa ya zama nauyi ga mai noman rani, kuma maye gurbinsa da na hasken rana yana rage kuɗi da hayaƙi a lokaci guda. Shinkafar da ke zaune cikin ruwa tana fitar da iskar mitan, wadda ke raguwa idan ana tsane fadama lokaci-lokaci. Har ila yau Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka.

Abin lura

Duk wanda ya san yadda rabon takin zamani kan kasance ya san cewa abin da ya fito daga sama ba duka ke isa gona ba. Manomi mai kadada ɗaya ba zai iya biyan masu aune-aune ba, don haka dillali ne zai tara su, kuma yarjejeniyar dashen itatuwa takan ɗaure ƙasa shekaru masu yawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da iznin mallakar gargajiya a karkara. Saboda haka ya wajaba ma'aikatan gona da na ƙananan hukumomi su tabbata an rubuta kason manomi ƙarara, cikin harshen da yake ji, kafin ya dangwala yatsa.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da rawar takawa. Idan ɗalibanta suka ƙware a kan auna hayaƙi da lissafinsa, kuɗin da za a biya ƙwararru daga waje zai tsaya a gida, ƙungiyoyin manoman albasa da na shinkafa kuma za su sami wanda zai duba musu lissafi kafin a yi ciniki.